Gwanjon kujerar MLS: birane na takara, attajirai na yanke hukunci

A Ingila ko Sifaniya, ƙungiyar ƙwallon ƙafa takan hau babbar gasa ne da guminta, idan kuma ta gaza ta faɗa ajin 'yan dagaji. A gasar MLS ta Amurka da Kanada babu hawa babu sauka. Kujera saye ake yi, kuma farashinta ya yi tashin gwauron zabo. Toronto ta shiga a 2007 da dala miliyan 10, Charlotte ta biya miliyan 325 a 2019, San Diego kuwa sai da ta ajiye miliyan 500 kafin ta zama ƙungiya ta 30 a 2025.

Hukumar gasar takan ce tana duba yawan magoya baya, da filin wasa, da ƙarfin masu zuba jari. A ganina na ƙarshen ne kaɗai ke da nauyi a ma'auni, kuma abin da ya sami Sacramento ya isa hujja. Birnin yana da ƙungiyar Sacramento Republic da ke cika fili tun 2014 a ƙaramar gasa, ya kai matakin ƙarshe a takarar 2017 da birane 12 suka shiga, aka fifita Nashville da Cincinnati a kansa, sannan aka ba shi kujera a Oktoban 2019. Amma da babban mai zuba jarin, attajiri Ron Burkle, ya janye hannunsa a Fabrairun 2021, maganar ta ruguje gaba ɗaya, alhali magoya bayan suna nan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake amfani da takarar wajen matsa wa hukumomin birane su sa kuɗin haraji a gina filaye, ana tsorata su da cewa in sun yi jinkiri wani gari zai kwashe rabonsu. Mutanen St. Louis sun ƙi yarda. A Afrilun 2017 suka kaɗa ƙuri'ar ƙin ba da dala miliyan 60 don gina fili, aka yi ta cewa sun yi wa kansu asara, sai ga shi a 2019 iyalan Taylor, masu kamfanin hayar motoci na Enterprise, sun karɓi kujerar, sun kuma ɗauki nauyin ginin da kuɗinsu. Ƙungiyar ta fara wasa a 2023.

Masu goyon bayan tsarin suna da hujjarsu, domin rashin fargabar faɗuwa ne ke sa mai kuɗi ya yarda ya zuba jari na dogon lokaci. Mohamed Mansour, attajirin Masar da ke jagorantar San Diego, shi ne mai makarantar Right to Dream ta Gana wadda ta raini Mohammed Kudus ɗan unguwar Nima, kuma irin wannan jari zai iya buɗe wa yaran Afirka ƙofa. Sai dai kuɗin kujera aljihun masu ƙungiyoyin da ke ciki yake shiga, ƙungiyar ma ba ta birni ba ce: a 2017 mai Columbus Crew ya nemi ɗauke ta zuwa Austin, kuma sai da magoya baya suka tashi tsaye, hukumomin jihar Ohio suka shigar da ƙara, sannan ta tsira a garinta.