Sabar imel mai cin RAM kamar gara

Wai don Allah me sabar imel, kwamfutar da ke karɓa da aika wasiƙu, take yi da RAM (ma'adanar aiki ta wucin gadi) ne? Ka ba ta giga 8 ta lashe, ka ƙara zuwa 16 ta haɗiye! ClamAV mai binciken bairos kaɗai ya kwashe sama da giga 1, in ya tashi sabunta bayanansa ya kusa ninkawa, domin yana loda sabon kafin ya saki tsohon. Ka rage ma'aikatan Amavis (kwafe-kwafen manhajar tace wasiƙu da ke aiki lokaci guda), wasiƙu su yi cincirindo a layin Postfix, manhajar isar da wasiƙu. Ka ƙara su, na'ura ta faɗa swap (aron wuri a faifai idan RAM ya cika), faifai ya yi ta gurnani. Kowace waya kuma ta riƙe haɗin IMAP (hanyar duba akwatin wasiƙu) ta ƙi saki. Can RAM ya ƙare, Linux mai tafiyar da na'urar ya rasa manhajar da zai kashe don samun wuri sai MySQL, rumbun ajiye bayanai? Ofis guda ba mai iya buɗe akwatinsa, haba!