R360: Da haka aka fara a 1995, a tambayi mutanen Newcastle

Tun da hukumar NRL, babbar gasar zari-ruga mai 'yan wasa 13 ta Ostireliya, ta sanar a watan Oktoban 2025 cewa duk ɗan wasan da ya tsallaka zuwa sabuwar gasar zari-ruga mai 'yan wasa 15 ta R360 zai sha dakatarwar shekara 10, wata magana guda ake ta nanatawa har ta ishe ni. Wai hukumomin wasanni tsoron kishiya suke yi. Wai a bar kasuwa ta yi halinta, domin idan gasa biyu suka yi gogayya, ɗan wasa da ɗan kallo ne za su kwashi garaɓasa. Na karanta ta a shafukan sharhi, na kuma ji ta da kunnena a gidan kallon unguwarmu, daga bakin wani matashi da bai taɓa kallon zari-ruga na minti biyar ba, amma har yau yana jin haushin rushewar Super League ɗin ƙwallon ƙafa ta Turai, wadda ƙungiyoyi 12 suka ƙaddamar a Afrilun 2021 ta kuma wargaje cikin kwana biyu. A wurinsa duk tafiyar ɗaya ce, kuma a nan kaɗai na yarda da shi.

Masu shirya R360, da tsohon ɗan wasan Ingila Mike Tindall a gaba, sun ɗage farawa zuwa 2028. Wasu sun ɗauka magana ta mutu ke nan. Ni dai abin da kuturu ya ce da ya ga mai ƙyasfi ne ke zuwa mini: da haka muka fara. Domin wannan gwaji da ake yi mana romon baka a kansa an riga an yi shi, an ga ƙarshensa, kuma a Ostireliyar aka yi.

A 1995 manyan attajiran kafafen yaɗa labarai biyu suka sa zare a kan wa zai mallaki haƙƙin nuna zari-ruga mai 'yan wasa 13 a talabijin na biyan kuɗi. Kerry Packer na tashar Channel Nine yana bayan tsohuwar hukuma, ARL. Kamfanin News Limited na Rupert Murdoch kuwa, da ya ga ba zai samu ta ƙofa ba, sai ya kafa tasa gasar, Super League, ya bi 'yan wasa da takardun kwantiragi da kuɗin da ba su taɓa mafarkin gani ba. Aka tafi kotu. A Fabrairun 1996 Mai shari'a James Burchett ya ba ARL gaskiya, a Oktoban shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Shi ya sa a 1997 ƙasa ɗaya ta wayi gari da gasa biyu: ƙungiyoyi 12 a ARL, 10 a Super League, kowane ɓangare da nasa zakaran.

Ba inda wannan rabuwa ta yi zafi kamar Newcastle. Ba ta Ingila nake nufi ba, don kada magoya bayan masu riga baƙi da fari su miƙe. Wannan wani gari ne na ma'aikata a arewa da Sydney, garin kwal da tashar jiragen ruwa da masana'antar ƙarfe. Ƙungiyarsu, Knights, ta shiga babbar gasa a 1988, kuma har zuwa lokacin ba ta taɓa ɗaukar kofi ba. Da rikicin ya ɓarke, kyaftin ɗinsu Paul Harragon da kansa ya tuƙa ƙaramar bas ya kwashi abokan wasansa zuwa Sydney suka sa hannu wa ARL. Da Super League ta rasa Knights, sai ta yi abin da mai kuɗi ke yi idan an hana shi aure: ta ƙirƙiro tata ƙungiyar a cikin garin, ta raɗa mata suna Hunter Mariners, ta zuba mata kuɗi da 'yan wasa da koci, Graham Murray.

Abu guda ne kuɗin bai iya saye ba, shi ne mutanen gari. Sun juya wa Mariners baya tun kafin ta buga wasan farko, suna kallonta a matsayin baƙuwar da aka kawo don ta kashe 'yar gida. Kuma a watan Afrilun wannan shekarar ta 1997 ne kamfanin BHP ya sanar zai rufe masana'antar ƙarfen garin nan da 1999. Dubban magidanta suka ga abincinsu na shirin yankewa. Ka auna zuciyar mutumin da aka ce masa aikinsa ya kusa ƙarewa, sannan a ce masa ƙungiyar da yake kai ɗansa kallo ranar Lahadi ita ma wasu a ofisoshin Sydney suna ciniki a kanta.

Sai ga wasan ƙarshe na ARL, ranar 28 ga Satumba, a Sydney Football Stadium, gaban mutum sama da 42,000. Abokiyar karawar ita ce Manly, mai riƙe da kofin, wadda ta doke Knights sau 11 a jere kafin ranar. Andrew Johns, ƙwaƙwalwar ƙungiyar, ya fito fili da ciwon haƙarƙari da huhun da aka yi masa jinya a asibiti kwanaki kaɗan kafin wasan. Aka tafi hutun rabin lokaci Manly na gaba da maki 16 da 8. Robbie O'Davis na Knights ya sauke ƙwallo a bayan layi karo na biyu, aka dawo 16 da 16. Matthew Johns, yayan Andrew, ya gwada bugun da zai ba su maki ɗaya, ƙwallo ta daki ƙarfe ta dawo. Na sha maimaita kallon minti na ƙarshen nan a waya, hoton ma duk ya dusashe irin na tsohon kaset. Kowa a filin, har da 'yan Manly, ya zuba ido tsakiya yana jiran a sake gwada bugun. Andrew ya ɗauki ƙwallo ya bi ta ɗan siririn gefen da ba wanda ya tsare, ya ja masu tsaron baya, ya miƙa wa Darren Albert, shi kuma ya ratsa ya sauke ta saura daƙiƙoƙi ƙalilan a tashi. 22 da 16. Garin bai yi barci ba a daren.

To, a nan ne masu ra'ayin kishiya ke tsalle su ce ka gani? Ai rikicin ne ya haifar da wasan da har yau ake sa shi cikin mafi daɗi a tarihin gasar. Wannan magana ce ta wanda ya ga an fito da jariri lafiya daga gidan da ke cin wuta ya ce gobara alheri ce. Abin da ya sa wasan ya shiga zukata shi ne gari guda ya tsaya wa ƙungiyarsa, kuma wannan shi ne ainihin abin da Super League ta zo ta rushe. Har ila yau kofin na Knights rabin kofi ne a idon wasu, tunda ba su haɗu da Brisbane Broncos ba, wadda ta lallasa Cronulla 26 da 8 a wasan ƙarshe na ɗaya gasar. An hana ɗan kallo ganin zakara da zakara. Wannan ce ribar da ake cewa ya ci?

Ni ma tausayin 'yan wasan Mariners nake ji, don ba su yi laifin komai ba illa karɓar aikin da aka ba su. Kuma ba kanwar lasa ba ne. Sun kai wasan ƙarshe na gasar ƙungiyoyin duniya da Super League ta shirya a shekarar, Brisbane ta doke su 36 da 12, kuma wannan ne wasansu na ƙarshe a duniya. Kaka ɗaya tak suka yi. Da manyan suka gaji da asara suka zauna sulhu a Disambar 1997 aka haifi NRL, sai aka share Mariners kamar rubutun allo. 'Yan wasanta irin su Brett Kimmorley da Scott Hill da Robbie Ross aka tura su sabuwar ƙungiyar da News Limited ke da hannu a ciki, Melbourne Storm, wadda ta ɗauki kofi a 1999. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Lissafin gawarwakin ma bai tsaya nan ba, kuma shi ne ɓangaren da masu waƙar kasuwa ba sa son a karanto. Perth Reds da South Queensland Crushers sun bi Mariners a ƙarshen 1997. Adelaide Rams da Gold Coast Chargers sun bi su a ƙarshen 1998. Yarjejeniyar sulhu ta ce a rage ƙungiyoyi daga 20 zuwa 14 kafin kakar 2000, sai aka shiga auren dole, wato haɗe ƙungiyoyi biyu su zama ɗaya: St George da Illawarra, Balmain da Western Suburbs, Manly da North Sydney, wannan na ƙarshen ko shekara uku bai wuce ba ya mutu, Manly ta tsira da sunanta, North Sydney ta faɗo daga babbar gasa. Duba sunayen nan shida da kyau. Dukansu ƙungiyoyin da suka yi wa ARL biyayya ne lokacin yaƙi. An ci moriyar ganga an yada kwaurenta.

Mafi muni shi ne abin da aka yi wa South Sydney. Tana cikin waɗanda suka kafa gasar a 1908, ta fi kowa yawan kofuna, ta ƙi Super League, ta kuma ƙi auren dole, sai aka kore ta a ƙarshen 1999. Ba kasuwa ce ta dawo da ita ba. Magoya baya ne suka cika titunan Sydney, kimanin mutum 80,000 a Nuwamban 2000, cikinsu har da masu goyon bayan ƙungiyoyin hamayya, aka kuma yi ta shari'a har kotu ta ba su nasara a 2001, suka koma fili a 2002. A 2014 suka ɗauki kofi. Ƙungiyar da masu lissafi suka ce ba ta da amfani ke nan.

Za a ce ai albashin 'yan wasa ya tashi. Ya tashi, ga ƙalilan, na ɗan lokaci, kuma ƙungiyoyi ne suka biya da basussukan da suka kai wasunsu kabari. Za a kuma ce ai zari-ruga mai 13 ɗin kanta da tawaye aka haife ta, a Huddersfield ta Ingila a 1895. Amma waɗancan 'yan tawayen masu haƙar kwal ne da ma'aikatan masaƙa ke neman a biya su ladan ranar aikin da suka rasa saboda wasa, kuma a garuruwansu suka ci gaba da bugawa. Haɗa su da masu zuba jari da ke neman tashar talabijin cin fuska ne.

R360 ma ta fi Super League rashin kunya. Mariners aƙalla tana da adireshi. Wannan kuwa ƙungiyoyi ne da za a ƙirƙira daga babu, a riƙa yawo da su birni zuwa birni kamar tseren motoci na Formula 1, ba unguwa, ba makarantar yara, ba tsohon da zai ce a kujerar nan ubana ya zauna. Ba su rene ɗan wasa ko ɗaya ba. Jira suke wani ƙaramin kulob a ƙauyen Queensland ko tsibirin Fiji ya yi wahalar shekara goma, su zo da jaka su ɗauke. Shi ya sa manyan hukumomin zari-ruga mai 15 guda takwas, ciki har da Ingila da Faransa da New Zealand da Afirka ta Kudu, suka ce wanda ya tafi ya manta da rigar ƙasa, kuma ban ga laifinsu ba.

Kada wani ya ɗauka ina wanke NRL. Ita kanta 'yar sulhun nan ce, rabinta na hannun News Limited har 2012, kuma a ƙarƙashin sunanta aka kori South Sydney. Dakatarwar shekara 10 ma sanda ce da ta fi sauka a kan yaro mai shekara 25 da ke tunanin abin da zai ci bayan gwiwarsa ta lalace, alhali masu jakar kuɗin ba abin da zai taɓa su. Idan da gaske hukumar take, ta ba magoya baya ƙuri'ar da za ta hana a sayar, a haɗe ko a kashe ƙungiyarsu ba da yawunsu ba, kamar yadda dokar 50+1 ta Jamus ta bar rinjaye a hannun 'yan kulob. Ta kuma buɗe littafin kuɗin talabijin 'yan wasa su ga rabonsu. Yadda za a tsara wannan aikin lauyoyi ne, ba nawa ba.

A watan Mayun 2025 NRL ta yi shelar, da kiɗa da tambura, cewa birnin Perth zai samu ƙungiya a 2027, mai suna Perth Bears, da launi da tambarin North Sydney. Wato garin da aka ƙwace wa ƙungiya a 1997 da ƙungiyar da aka ƙwace wa gurbi bayan 1999 ne aka haɗa wuri guda ake kira sabon ci gaba. Yaron da ubansa ya kai shi kallon Reds yana ɗan shekara 10, zai shiga filin yana da shekara 40.