Sharar birni takinmu ce, wa zai raba ta da leda?

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, wajajen Gezawa, Minjibir ko Dawakin Kudu, ya san ba yau aka fara wannan hulɗa ba. Iyayenmu kan ɗora wa jaki itace ko hatsi su shiga birni, in za su dawo mangala cike take da toka da kashin awaki da sharar gida. Da haka ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba a bar ta ta huta ba, kuma ba ta fasa ba da gero da dawa da wake ba.

Har yanzu ana kawo sharar, sai dai a tifa, kuma da kuɗinka. Amma ku je gonar da aka juye wa ita da bazara ku gani: baƙar leda, ledar fiya-wata, fasassun kwalabe, batir, har allura. Manomi da 'ya'yansa su wuni suna tsinta da hannu, iska ta kwashe sauran ta rataya a ƙaya. Akuya ta ci, ta yi ta ramewa ciki na kumbura, sai an yanka a tarar da dunƙulen leda a tumbinta. Baiwar Allah ta shekara tana kiwonta don hidimar biki ko kuɗin magani, ta tashi a tutar babu. Wallahi abin yana ci mini rai.

Kuma akwai mai alhakin gyarawa. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora kula da kasuwanni da mayanka da tashoshin mota da kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi. Kano tana da 44, Jigawa 27. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba su kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ko a bar wannan, ai duk ranar kasuwa masu rasit ba sa makara, mai tallan kuka ma sai ta biya. To ina aikin?

Ba wata masana'antar biliyoyi nake nema ba. Abin da ake zubarwa a kasuwannin 'Yan Kaba da 'Yan Lemo galibi ruɓaɓɓen kayan gwari ne da 'ya'yan itace. Haka kasuwar Kwanar Gafan in tumatir ya yi kwantai, ga buntun shinkafa jibge a Kura, ga abin da ke fita daga tumbin shanu a mayanka kullum. In aka ware su tun a kasuwa kafin su cakuɗe da leda, aka ba matasa fili da ruwa da shebur suna juyawa har ya ruɓe, kafin damina an samu taki mai kyau a buhu. Motocin da suka kai kaya birni su dawo da shi maimakon su dawo fanko. Ban ce zai maye gurbin takin zamani gaba ɗaya ba, amma yana riƙe ruwa a ƙasa mai yashi, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda buhun yuriya ya gagari talaka.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kasuwar tana wannan ƙaramar hukuma, gonar tana waccan, kwasar sharar birni kuma tana hannun hukumar jiha. Kowa ya ce ba huruminsa ba ne. Shi ya sa nake roƙon ciyamomin birni da na karkara su zauna, ba su kaɗai ba, da sarkin kasuwa da sarkin fawa da sarkin noma da direbobin tifa, su tsayar da wa zai ware, wa zai ɗauko, nawa za a sayar wa manomi. Kansilolinmu, ranku ya daɗe, ku kai maganar nan zauren majalisa kafin a rufe kasafin baɗi.