Baƙin fuskar ƴan rawar Bacup ba ƙurar kwal ba ce kawai

A 2020 manyan ƙungiyoyin rawar gargajiya ta Morris a Ingila suka amince a daina shafa baƙi a fuska. Ƴan rawar garin Bacup da ke yankin Lancashire, masu fitowa duk Asabar ta jajibirin Ista, suka gwammace su fice daga Morris Ring, ɗaya daga cikin waɗannan ƙungiyoyi, a kan su wanke fuska. Wai kakanninsu masu haƙar kwal suke kwaikwayo. Wasu ƴan rawar kuma sun ce ɓad-da-kama ce ta talakawan da. Wannan hujja ba ta gamsar da ni ba, domin ta tsallake shekara ɗari na tarihi.

Wajen 1830 wani Bature ɗan Amurka, Thomas Rice, ya yi suna da shafa baƙi yana tsalle a matsayin Jim Crow, sunan da daga baya aka laƙaba wa dokokin wariyar launin fata. A 1836 ya kai wasan Landan. Bayan ƙungiyar Virginia Minstrels ta fito a New York a 1843, wasan ya samu tsari. Ƴan wasa su zauna a rabin da'ira, mai jan zance a tsakiya, a gefe guda mai tamburan, a ɗaya gefen mai kaɗa ƙasusuwa. Sai a yi jawabin shirme da gurɓataccen Turanci, a rufe da wasan gandu inda bawa ke murna da bautarsa.

Dubi shafin kansa. Ana ƙona toshiyar kwalba ta ɓawon itace, a niƙe, a kwaɓa da ruwa. A shafe fuska da wuya da kunnuwa, domin in an bar wuri ko gumi ya zubo, farar fata ta bayyana. Amma da gangan ake barin faffaɗan zobe a kewayen baki don leɓe ya yi kauri, a ɗora hular gashin ulu, a sa farar safar hannu. Wace ƙurar kwal ce ke zana leɓe?

Abin da masu cewa "al'adarmu ce" ba sa son ji shi ne, da ƙwararru suka watsar da sana'ar a Amurka, ƴan sa-kai na karkara ne suka raya ta. Makarantu, majami'u da ƴan kwana-kwana sun yi ta shirya wasan don tara kuɗi har bayan 1950. Rubutun wasan ma sayensa suke yi ta gidan waya daga kamfanoni irin su Denison na Chicago, haɗe da barkwancin da kayan shafin. A Birtaniya kuwa BBC ta nuna irin wasan daga 1958 har 1978. A ƙauyukan iyakar Ingila da Wales, ƴan rawa sun ɗauki tamburan da ƙasusuwa, har mutanen wurin suka riƙa kiran rawar da kalmar zagin baƙar fata.

Masu cewa "ba mu da mugun nufi" ban ƙaryata su ba, amma Frederick Douglass, wanda ya ɗanɗani bauta, ya yi tir da wannan wasa tun 1848. Ba yau aka fara ƙorafi ba.

Ƙungiyoyi da dama sun koma shuɗi ko kore, rawarsu ba ta ragu da taku ɗaya ba, ƴan kallo kuma ba su gudu ba. Ƴan Bacup su bi sahu, tsofaffin hotuna kuma a kai gidan tarihi da cikakken bayani a ƙarƙashinsu.