Likitan ƙashi ba mai yanke ƙafa ba ne

Duk wanda ya taɓa jinyar mai karaya ya san maganar da dangi ke fara yi: "Kada ku kai shi asibitin ƙashi na Dala a Kano, yanke ƙafar za su yi." Sai a nufi gidan mai ɗori. Wannan tsoro ya daɗe yana cutar da mu, kuma a ganina an juya labarin ne.

Ga yadda abin ke faruwa. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, hannu ya karye. A jera karare a ɗaure tamau, hannu ya kumbura a cikin ɗaurin, jini ya daina kaiwa yatsu. Yaro na kuka, ana cewa ya yi haƙuri, ƙashi ne ke kamawa. Bayan kwanaki yatsu sun yi baƙi, wari ya tashi, sannan a garzaya asibiti. A lokacin naman ya riga ya mutu, in ba a yanke ba rai zai tafi. Sai a dawo unguwa ana cewa likita ya yanke hannu.

Alhali yawancin aikin likitan ƙashi ceton gaɓa ne. Shi ke duba hoton ƙashi ya mayar da karaya mazauninta, ya sa filasta ko ya riƙe ta da ƙarfe. Shi ke wanke ƙashin da ya yi ruwa, ya miƙar da ƙafar jaririn da aka haifa a lanƙwashe, ya sauya ƙugun mai sikila da ya lalace, abin da ya yi yawa a cikinmu.

Kafin mutum ya kai nan kuwa, sai ya sha wuya. Shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta sanin makamar aiki, 1 ta hidimar ƙasa, sannan jarrabawar share fage da horon ƙwarewa na kimanin shekara 6 a ƙarƙashin Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma ko takwararta ta Nijeriya. Sa'o'insa sun yi aure sun yi 'ya'ya, shi yana kwana a ɗakin tiyata yana jiran waɗanda babur ya kayar. Ya gama kuma Saudiyya da Ingila na yi masa tayin albashin da gwamnatinmu ba ta ko kusa da shi.

Ban ce masu ɗori ba su da amfani ba. Suna kusa, kuɗinsu kaɗan ne, wani ma kaza zai karɓa. Asibitin Dala tun 1959 yake, amma mutumin ƙauyen Yobe ko Zamfara sai ya sayar da akuya kafin ya ga ƙofarsa, balle kuɗin ƙarfe. Shi ya sa nake ganin gwamnatocin jihohi su ɗauki nauyin horon 'ya'yansu a wannan fanni, su kuma zauna da sarakunan ɗori a yi yarjejeniya: karayar da ƙashi ya fasa fata, ko yatsu suka yi sanyi, a tura ta asibiti a ranar.