Kuskuren da ake saye da kuɗi

Shekara da shekaru injiniyoyi suna fama su hana na'urar kiɗa zamewa daga saiti, yau kuma ga makaɗa suna biyan kuɗi a dawo musu da zamewar. Minimoog, wata na'urar kiɗa ta lantarki mai kama da fiyano da ta fito a Amurka a 1970, in ta ɗau zafi sai muryarta ta kauce, dole makaɗi ya tsaya ya sake ɗaure ta. Da Yamaha DX7 ta zo a 1983 tana aiki da lissafi irin na kwamfuta, sai aka huta, sautin da ka danna yau shi za ka tarar gobe. Ba a jima ba kunnuwa suka ƙosa, aka ce kiɗan ya bushe. Har ta kai Prophet-6 ta 2015 ta zo da wani abin murɗawa wanda ba shi da aiki sai sa sauti tangaɗi.

Dabarar tana ci, ban musa ba. Haɗa sauti mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa da mai 442, za ka ji suna kumbura suna sacewa sau biyu duk daƙiƙa, kiɗan ya yi kauri. Inda nake ja shi ne cewar da ake yi wai haka ɗan Adam yake kiɗa. Ai tsohuwar na'ura mai zazzaɓi ake kwaikwayo.

Ka tsaya kusa da mai kalangu ka kalli hammatarsa. Yana matse igiyoyin fata, muryar gangar ta hau, ya saki, ta sauko, daidai gaɓar sunan wanda yake wasawa. Mai kukuma ma yatsarsa takan ja sauti ta isa wurin a hankali, don ya san inda baitin zai sosa zuciya. Duk kaucewarsu da niyya ce. Kwamfuta kuwa caca take yi, ta karkata nan ta karkata can, ba ruwanta da abin da mawaƙi ke faɗa.

Abin dariyar yana situdiyo, har da namu na Kano. A ɗauki muryar mawaƙiya a miƙe ta sambal da Auto-Tune, manhajar da ta fito tun 1997, sannan a koma kan fiyano ana neman yadda za a lanƙwasa shi ya yi kamar mai rai. Alhali a gefen hagu na yawancin fiyanon nan akwai 'yar taya ta jan sauti sama da ƙasa da babban yatsa. Na sha ganin ta da ƙura.