Likita Ya Ce Alhaji Ya Huta

(Falon Alhaji, bayan isha'i. Alhaji na kishingiɗe, ledar magani a gefensa. Hajiya na jan carbi, Amarya na latsa waya. Ɗan Boko, ɗan ƙanen Alhaji, ya buɗe kwamfuta a kan tebur. Bazazzagi, yayan Hajiya, ya zo dubiya tun la'asar, ya ci tuwo, har yanzu bai nemi takalminsa ba.)

ALHAJI: To ɗan boko, likita ya ce in rabu da kasuwa wata biyu, in ba haka ba hawan jinin nan zai kai ni ƙasa. Antinka ta ce sai Girka. Yankar mana tikiti zuwa tsibirin.

ƊAN BOKO: Wanne daga ciki, Baffa?

ALHAJI: Au, ba ɗaya ba ne?

ƊAN BOKO: Sun kai 6,000. Amma waɗanda mutane ke zaune a kansu 227 ne.

ALHAJI: (ya tashi zaune) Sauran fa? Na waye? Suna da takarda?

BAZAZZAGI: Kun ji Bakano. An ce ya je ya huta, shi fili yake nema.

ALHAJI: Tambaya na yi. Kai da ka zo dubiya hannu rabbana, ka cinye wa marar lafiya tuwo, ai ba ka da bakin magana.

AMARYA: Ni dai Alhaji, ba sai an wahala ba. Santorini. Dubi hoton nan, fararen gidaje, ga teku a ƙasa.

HAJIYA: Miƙo in gani. Masha Allah, ga masallatai ko'ina da shuɗiyar ƙubba.

ƊAN BOKO: Coci ne, Hajiya.

HAJIYA: (ta mayar da wayar) Ungo.

ƊAN BOKO: Wurin yana da kyau, ba ƙarya. Sai dai garin a bakin dutse mai aman wuta yake. Wajen shekara 3,600 da suka wuce ya fashe, tsakiyar tsibirin ya rufta, teku ya cika ramin. Gidajen da Anti ke kallo a leɓen ramin aka gina su.

ALHAJI: To yanzu ya mutu?

ƊAN BOKO: Barci yake. Ko a farkon 2025 an yi makonni ƙasa na rawa, dubban mutane suka kwashe kayansu suka bar tsibirin, sai daga baya suka koma.

ALHAJI: Mai hawan jini za a kai ya kwanta a kan abin da ke barci.

AMARYA: Haba Alhaji, duniya gaba ɗaya can take zuwa. Da yamma har cincirindo ake yi a wani gari mai suna Iya, a tsaya a kalli faɗuwar rana. In ta faɗi a yi tafi.

ALHAJI: A yi wa wa tafi?

AMARYA: Ranar mana.

ALHAJI: Wannan dai da ke faɗuwa a bayan Goron Dutse kullum, ba wanda ya ce mata sannu?

BAZAZZAGI: Da ana karɓar kuɗin ƙofa da tuni ka kewaye ta da langa-langa.

ƊAN BOKO: Sannan akwai hawa. Daga tsohuwar tashar jirgin ruwa zuwa babban garin, Fira, matakala 588 ce. Ko ka taka, ko ka shiga keken da ke tafiya a kan waya, ko ka hau jaki.

ALHAJI: Wanne ya fi araha?

ƊAN BOKO: Ƙafa.

ALHAJI: Bayan ita?

ƊAN BOKO: Baffa, jakin akwai doka. Tun 2018 gwamnati ta hana a ɗora masa abin da ya wuce kilo 100.

(Shiru. Kowa ya dubi tumbin Alhaji.)

HAJIYA: Nawa sikelin asibiti ya nuna ranar Talata?

ALHAJI: Wannan sikelin ya lalace. Kuma da babbar riga na hau.

BAZAZZAGI: A ɗauki jaki biyu, ɗaya Alhaji, ɗaya tumbin.

AMARYA: To in ba Santorini ba, Mikonos.

ƊAN BOKO: Can kiɗa ne har asuba, Anti, ga tsada ta fitar hankali.

HAJIYA: Wuce.

ƊAN BOKO: Akwai Hidira, kusa da Atens, babban birnin ƙasar. Babu mota a garin, an hana. Kaya duk alfadari ke ɗauka.

ALHAJI: Babu sayen fetur ke nan. Wannan ya yi.

AMARYA: Akwatina biyar.

ALHAJI: Alfadari biyar. Wuce.

ƊAN BOKO: Ga wani kuma, Ikariya. Ya yi suna wajen tsawon rai, 'yan shekara 90 birjik, suna noma abinsu. Ba ruwansu da agogo. Akwai ƙauyen da sai dare ya yi ake buɗe kanti.

ALHAJI: Casa'in! Me suke ci?

ƊAN BOKO: Ganye, wake, man zaitun, nonon akuya. Su hau dutse, su sauko, su yi barcin rana.

ALHAJI: Ba nama?

ƊAN BOKO: Jefi-jefi.

ALHAJI: To me mutum zai yi da shekara casa'in yana cin ganye?

BAZAZZAGI: Bar shi ma. In ka je ka dawo da casa'in, magada ba za su yafe wa yaron nan ba.

AMARYA: Ni ban ce komai ba.

BAZAZZAGI: Ai ban ambaci suna ba.

ƊAN BOKO: Baffa, bari in faɗi gaskiya. Zaman wata biyu daban yake da yawon kwana uku. Ana neman inda akwai asibiti, akwai kasuwa, inda 'yan gari ke zaune rani da damina, ba inda ake rufe ƙofa da zarar baƙi sun watse ba. In haka ne, babban cikinsu Kirit. Tsawonsa kilomita 260, ga manyan garuruwa, Irakliyo da Haniya, kowanne da filin jirgin sama. Ko ka shiga jirgin ruwa da dare daga Firiyas, tashar Atens, ka farka da safe ka gan ka a can.

HAJIYA: Yanzu na ji magana.

ƊAN BOKO: Sai dai girman nasa shi ne wahalarsa. Dole a yi hayar mota, hanyoyin kudu kuma duk kwana-kwana ne a jikin dutse. Akwai wani kwazazzabo, Samariya, mutane na takawa kilomita 16 a cikinsa.

ALHAJI: Laifin me suka yi?

ƊAN BOKO: Nishaɗi ne. Har kuɗin shiga suke biya.

ALHAJI: Allah mai iko.

ƊAN BOKO: Amma man zaitun ɗinsu, Baffa, ko'ina ka duba gonarsa ce.

ALHAJI: Nawa lita? A jarka suke bayarwa ko a duro?

HAJIYA: Alhaji.

ALHAJI: Na shafawa nake tambaya.

HAJIYA: Ni abinci ne damuwata. Me ake ci a ƙasar?

ƊAN BOKO: Suna da tsire, suflaki suke ce masa, amma yawanci naman alade ne, sai mutum ya buɗe baki ya tambaya. Mafita kifi, ga shi nan sabo kullum. Akwai kuma wata halittar ruwa mai ƙafa takwas, suna shanya ta a igiya a ƙofar gidan abinci, in ta sha iska a gasa.

HAJIYA: A'uzubillahi. A nemo mini ɗaki mai kicin. Zan tafi da kukata da daddawata da yajina, da kilishi ƙulli goma.

ƊAN BOKO: Ban da kilishi. An hana shiga Tarayyar Turai da nama a cikin kaya, a filin jirgi za su karɓe.

ALHAJI: Su karɓe su kai ina?

ƊAN BOKO: Su lalata.

ALHAJI: Haka dai suke faɗa.

BAZAZZAGI: Duk kun manta babban abu. Juma'a fa? Wata biyu, ina za ka yi ta?

ƊAN BOKO: A Haniya akwai tsohon masallaci a bakin ruwa, amma yanzu wurin baje kolin zane ne. Tun 1923 da Girka da Turkiyya suka yi musayar jama'a, Musulmin Kirit suka tashi.

BAZAZZAGI: Yauwa, matsa in koya maka, mu Zazzau aka san mu da karatu. Ka duba Rodos. Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ya ci shi a 1522. Lokacin waccan musayar kuwa yana hannun Italiya, tun 1912, sai 1947 ya koma Girka. Shi ya sa ba a tashi Musulminsa ba, su da na tsibirin Kos. Har yau ana sallah a masallacin Ibrahim Fasha, cikin tsohon gari.

ALHAJI: A ina ka san wannan, kai da iyakarka Kwangila?

BAZAZZAGI: Ilimi ba a Kantin Kwari ake auna shi da yadi ba.

ƊAN BOKO: Gaskiyar Kawu ne. Rodos yana da ganuwa, da asibiti, da filin jirgi, rana kuma ba ta saurin ƙarewa, har Oktoba ana shiga ruwa. Daga Atens awa ɗaya ne a sama. Ga Turkiyya nan tsallake, kamar awa ɗaya a jirgin ruwa ka isa Marmaris.

ALHAJI: (ya ajiye ledar magani) Turkiyya? Turkiyyar da ake saro kafet da takalma?

ƊAN BOKO: Sai da bizarta daban.

ALHAJI: A nemo. Mutum ya yi asuba, ya tsallaka ya ga gari, ya ɗan taɓa kaya, ya dawo kafin magariba. Hutu ke nan.

HAJIYA: Rufe shafin nan. Gara ka yi azahar ɗinka raka'a huɗu a ɗaki, da ka dawo mini da kwantena da sabon ciwo.

BAZAZZAGI: Ƙanwata, Juma'a ce fa.

HAJIYA: Yaya, ka san shi. Liman na huɗuba, shi yana Marmaris yana taya darduma.

ƊAN BOKO: To saura ɗaya. Naksos. Shi ne babba a rukunin tsibiran da Santorini ke ciki, amma manoma ne. Dankalinsu ya yi suna a duk ƙasar, ga shanu, ga cuku, ga ƙauyuka a kan dutse. Bakin tekunsu yashi ne shimfiɗe, ruwan ba zurfi, babu matakala 588. Daga Firiyas awa biyar da ɗoriya a babban jirgi. Kuɗin ɗaki bai kama ƙafar na Santorini ba, in aka ce wata guda za a zauna ma ana iya neman ragi.

ALHAJI: Ana ciniki?

ƊAN BOKO: Ana ɗan yi.

ALHAJI: Mutanen kirki.

HAJIYA: Dankali, madara, yashi, ba hayaniya. Ni na zauna.

AMARYA: In ɗauki hoto da dankali in aika wa wa? Ƙawayena sun san Santorini za ni, na riga na ɗinka shuɗiyar doguwar riga.

ALHAJI: Kafin a yi faɗa, nawa ne kuɗin shiga ƙasar?

ƊAN BOKO: Bizar Shengen ce, ta shiga ƙasashen Turai, yuro 90 kowane mutum. Ana ba da kwana 90 cikin 180, ba a wucewa. Sai inshorar lafiya da za ta ɗauki aƙalla yuro 30,000, da bayanin asusun banki. Mu huɗu ke nan...

ALHAJI: Su wa huɗu?

ƊAN BOKO: Wa zai yi muku tafinta, Baffa?

BAZAZZAGI: Biyar. Marar lafiya ba ya tafiya ba babba a kusa.

ALHAJI: Kai ko Kwanar Dangora ba zan biya maka ba.

AMARYA: Ni fa ina nan a kan bakata.

BAZAZZAGI: To ga sulhu. Ƙanwata ta zauna Naksos, Amarya ta zauna Santorini, Alhaji ya riƙa tsallakawa. Kwana bibbiyu, yadda aka saba a gida. Yaro, akwai nisa?

ƊAN BOKO: Kamar awa biyu a babban jirgi, ƙaramin mai gudu bai kai haka ba.

ALHAJI: Haya biyu, tikiti duk bayan kwana biyu. Wannan ne hutun da likita ya ce?

BAZAZZAGI: Wanda ya ɗauko biyu ai ya san da lissafin.

AMARYA: Na yarda.

ƊAN BOKO: Sai dai a kula da lokaci. Ni da za a bi tawa, Satumba da Oktoba. Zafi ya sauka, ruwa da ɗumi, baƙi sun ragu, farashi ya faɗi. Amma Yuli da Agusta akwai wata iskar arewa, meltemi, in ta taso sai ta yi kwanaki tana kaɗawa. Teku ya haukace, ƙananan jirage su fasa tashi, in ta yi tsanani hukumar tasha ta hana har manyan.

HAJIYA: (ta daina jan carbi) Ta hana su tashi gaba ɗaya?

ƊAN BOKO: Ƙwarai.

HAJIYA: Mutum in yana wannan tsibiri, nan zai zauna?

ƊAN BOKO: Sai ta lafa.

HAJIYA: Kwana nawa?

ƊAN BOKO: Wani lokaci biyu, wani lokaci uku, ta kan fi haka ma.

AMARYA: To kwanan da iska ta cinye fa, ai ana ramawa.

HAJIYA: Yaya, kai ne malami. Iska ta wa ce?

BAZAZZAGI: Ta Allah ce.

HAJIYA: To. Yaro, yanki na Agusta. Kuma a ɗakina za a sauka.